Tarihin kol ɗin kwantar-filake: daga fatar shanu har zuwa takin ure



Da damina ta kankama koke iri ɗaya muke ji gida-gida: filafon ɗaki ya kumbura, ƙofar armuwar ta buɗe baki, gadon da uba ya sai da tumakinsa ya yi wa ɗiyarsa bai cika shekara biyu ba ya fara ɗayewa falle-falle. Nan da nan sai a ce kafinta ne ya ci amana. Wani lokaci kam shi ne. Amma sau da yawa laifin ya girme shi, don kol ɗin da ya saki ba shi ya shafa shi ba, tun a masana'anta aka shafa, a wata ƙasa mai nisa, kafin katakon ya iso Kasuwar Katako ta Yamai ko rumfunan ƴan katako na Maraɗi.

Kwantar-filake ba katako ɗaya ba ne. Fallaye ne siraran itace ake jerawa, 3 ko 5 ko 7, kullum mara, kowane falle zarensa ya gitta na ƙasansa. Hikimar ita ce itace yana kumbura yana motsewa ta faɗinsa, ta tsawon zare kuwa kusan ba ya motsi. In aka gitta su, kowane falle ya zama mai tsaron ɗan'uwansa. To amma fa suna jan juna ne dare da rana, kuma abin da ke hana su rabuwa wani ɗan layin kol ne da kaurinsa bai kai na farce ba.

Dabarar daɗaɗɗiya ce. A Misira, ƙarƙashin dalar Fir'auna Joser da ke Saƙƙara, an tono ɓaraguzan akwatin gawa mai fallaye shida da aka gitta, yau shekara fiye da 4,500 ke nan, sai dai shi da turakun itace aka haɗa shi. A kabarin wani waziri mai suna Rekmire kuma akwai zanen massaƙa da tukunyar kol bisa wuta. Kol ɗin nasu na fata ne: a dafa fata da kofato da jijiya har su narke, a shafa da zafinsa, in ya huce ya kama. Shekaru dubbai wannan kol ɗin ne sarki. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma ruwa na taɓa shi yake komawa jiya. Ƙaron da muke samu a jikin dakwara, wanda malamai ke sa wa tawada, shi ma ciwonsa ke nan, shi ya sa ko da wasa bai taɓa zama kol ɗin katako ba.

A ƙarshen ƙarni na 18 wani Bature ɗan Ingila, Samuel Bentham, ya yi rajistar dabarar manna fallaye su zama katako mai kauri. A ƙarni na 19 aka samu injin fira, wanda ke juya gungumen itace a bakin wuƙa yana feraye shi kamar ana warware bandir ɗin yadi. Daga nan falle ya yi araha, saura kol. A 1905, a birnin Fotland na Amurka, masu wata masana'anta suka yi kwantar-filake don baje koli, da buroshin fenti suka shafa kol ɗin fata, suka matse da manyan kirik irin na ɗaga gini. Jama'a sun yaba, amma katako ne na cikin ɗaki kawai.

Abin da ya biyo baya zai ba ku dariya, don kusan duk abin da ke cikin tukunyarmu sai da Turawa suka gwada shi. Wani Ba'amurke, Frank Perkins, ya yi kol da garin rogo a farkon ƙarni na 20, masu yin kujeru da teburori suka rungume shi don ba sai an ɗora shi a wuta ba. Wasu suka koma ga nono. In nono ya tsinke, guda-gudan nan da ake yin cuku da su, su ne ake busarwa a niƙa a kwaɓa da lasho, su zama kol mai jure danshi fiye da na fata. Da irinsa ne wani massaƙi Bajamushe na garin Waimar, Otto Hetzer, ya riƙa manna alluna yana yin manyan ginshiƙai masu lanƙwasa, ya yi rajistar aikinsa a 1906. Dogayen ginshiƙan katako da ake rufe manyan zauruka da su yau jikokin nasa ne. Wasu kuma mahauta suka nufa. Jinin shanu in an busar da shi an kwaɓa, zafi na taɓa shi sai ya daskare kamar farin ƙwai a kasko, ba ya sake narkewa. Masana'antar Luther ta birnin Talin ta yi rajistar kol mai jure ruwa a 1896, kuma da katakonta aka riƙa yin akwatunan da ke ɗauko ganyen shayi daga Indiya zuwa Ingila. A shekarun 1920 waken soya ya shigo a hannun kamfanin Laucks na Siyatil, ya mamaye masana'antun yammacin Amurka saboda araha.

Dukansu aibinsu ɗaya, abinci ne. Abin da mutum ke ci, hunhuna da ƙwari ma suna so. In danshi ya daɗe sai kol ya ruɓe a tsakanin fallaye, waje lafiya lau, ciki ba kome.

Masu ilimin sinadarai ne suka raba gardama. A 1907 Leo Baekeland, ɗan Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa fenol da formol ya samu wani abu da in ya sha zafi ya sandare, to ya sandare ke nan har abada. Formol ɗin nan dai shi ne wanda kuka sani, na ɗakin ajiye gawa a asibiti. Wajen 1930 Jamusawa suka fara jiƙa siririyar takarda da wannan haɗi, mai suna Tego, a shimfiɗa ta tsakanin fallaye a matse da zafi. A 1931 kamfanin IG Farben ya fito da Kaurit, wanda aka yi da formol da ure, i, ure ɗin da manomanmu ke zuba wa hatsi da albasa. A 1934 kuma wani masani, James Nevin, ya samar wa wata masana'anta a jihar Washinton kol ɗin da ya sa kwantar-filake ya fita waje ya sha ruwan sama bai saki ba.

Nan fa hanya ta rabu biyu, kuma har yau a raben take. Kol ɗin ure fari ne, mai araha, yana kamawa da wuri a zafin da bai wuce digiri 100 zuwa 120 ba, amma zafi da danshi in sun haɗu suna warware shi sannu a hankali. Kol ɗin fenol ja ne mai duhu, ya fi tsada, yana son zafin digiri 130 zuwa 150, amma ko an tafasa shi ba ya saki.

Yaƙin duniya na biyu ya gwada su duka. Ingila ta ƙera jirgin yaƙi na katako mai suna Mosquito, wato sauro, ya fara tashi a 1940, an yi guda 7,781. Da kol ɗin nono aka fara haɗa shi, daga baya aka koma na ure. A 1944 fikafikan wasu suka ɓalle a Indiya. Kol aka fara zargi da damshin ƙasar, amma masu bincike suka tarar akwai mahaɗan da tun a masana'anta ba a haɗa su daidai ba. Wannan batu yana da muhimmanci a wurinmu: kol mai kyau ma ba ya ceton aikin ganganci. Falle sai an busar da shi sosai, in ba haka ba ruwan cikinsa ya zama tururi a injin matsi ya tayar da ƙuraje. Kol sai ya game ko'ina. Kuma akwai garin alkama da ake ƙara masa don ya yi kauri ya shimfiɗu, abu ne halal a sana'ar, amma mai son riba in ya cika gari ya rage kol, mai saye ba zai gane ba sai damina ta tona.

Afirka da gungume ta shiga wannan tarihi. Tun kafin yaƙi itacen okume na Gabon ke ciyar da masana'antun Jamus da Faransa. Bayan yaƙi, ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950, aka kafa manyan masana'antu a Port-Gentil ta Gabon, da Safele ta kudancin Najeriya, da Samreboi ta Gana. A Gana da Kodebuwa kuma, itacen da suka fi feraya don kwantar-filake mai sauƙin kuɗi ba baƙonmu ba ne, rimi ne. A 2010 Gabon ta hana fitar da gungume ɗanye, ta ce a sarrafa a gida. Yau dai Sin ce kan gaba a duniya wajen wannan sana'a, musamman yankin Linyi, kuma daga can akwai na kirki akwai na banza, ya danganta da abin da ɗan kasuwa ya yi oda.

Sai maganar lafiya, wadda ba mu cika yi ba. Kol ɗin ure yana ci gaba da sakin formol a iska bayan an gama aiki, zafi kuma na ƙara masa. Warin nan mai sa hawaye da ke tarbar mutum in ya buɗe sabuwar armuwar, shi ne. A 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa formol cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Turai ta daɗe da sa iyaka, ajin da take kira E1. A Amurka ma an koma wa soya: wani malamin jami'ar jihar Oregon, Kaichang Li, ya lura da yadda wata ƴar halittar teku mai ƙwanso ke manne wa dutse cikin ruwa, ya gyara kol ɗin soya a kan haka, aka fara aiki da shi a 2005. Mu kuwa ɗakin tol muke da shi, a watan Afirilu, ma'auni ya haura 40, taga a rufe saboda ƙura, jariri kwance kusa da armuwar. A ganinmu sabon kayan ɗaki ya kamata ya sha iska kwanaki a inuwa kafin a shigar da shi, kuma ba laifi iyayen amarya su nemi haka.

Mai saye yana da ƴan alamu. Fallen da aka saba kawowa santimeta 122 ne a 244, a duba gefensa. Layi mai duhu tsakanin fallaye galibi fenol ne, fari kuma ure, ko da yake akwai masu sa kala don ruɗi. Hatimin MR na cikin ɗaki ne. WBP na Ingilishi da CTB-X na Faransa su ne na waje, kuma asalin gwajin WBP tafasawa ce ta awa 72. Hatimi ma ana buga na ƙarya, saboda haka kafintan da zai ɗauki aiki babba, kamar teburan lakwal ko filafon masallaci ko katakon zuba kankare, ya roƙi ɗan guntu kamar tafin hannu, ya jefa a tukunya ya tafasa shi awa biyu ko uku, ya sa bakin wuƙa tsakanin fallayen. Na ure zai buɗe da kansa. Na fenol sai dai itacen ya yage, kol ɗin yana nan.