Asalin Baƙin Khal na Modena

A arewacin ƙasar Italiya, cikin shimfiɗaɗɗen filin nan da ke kudu da kogin Po, akwai birane biyu maƙwabtan juna, Modena da Rajjo, waɗanda Allah ya hore wa inabi tun zamanin kakannin kakanni. Iri biyu suka fi shahara a wurinsu: Lambrusko mai duhun ja, wanda masana lugga suka ce sunansa ya samo asali daga kalmar da Rumawa ke kiran inabin jeji da ita, irin mai tsirowa da kansa a bakin gona ya nannaɗe bishiya, da kuma Tirebbiyano, fari mai yawan 'ya'ya. Suna matsar su su yi giya, abin da shari'a ta haramta mana. Amma daga inabin nan ne suka fitar da wani abin da ya fi giyar daraja nesa ba kusa ba, wato khal, baƙi wuluk, mai kauri kamar zuma, mai zaƙi da tsami a ɗigo guda. Khal kuwa mahaɗi ne da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yaba, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim.

Dattawan ƙasar suna mayar da asalinsa ga Rumawan farko, waɗanda, da yake ba su da sukari kuma zuma na da tsada, sukan zuba ruwan inabi ɗanye a babbar tukunya su yi ta dafawa a kan wuta mai sanyi, ana kwashe kumfa, har ya ƙone ya yi kauri, kusan yadda masu mazarƙwaila ke yi da ruwan rake a wurinmu. Suka ce wata rana aka manta da wani daga cikin dafaffen ruwan nan a ganga, shekaru suka shuɗe, da aka buɗe sai ƙamshi ya cika ɗaki, aka iske ya juye ya zama khal irin wanda harshe bai taɓa ɗanɗana ba. Ni dai riwayar nan ta kwanta mini, domin abin da ke bukatar shekaru masu yawa kafin ya nuna, da wuya a ce da gangan wani ya fara shi.

Labarin da suka fi alfahari da shi kuwa shi ne na shekarar 1046, sa'ad da Sarki Hanri na Uku ya taso daga Jamus zuwa Rum domin a naɗa shi sarkin sarakuna. Da ya yada zango a Piyacenza, sai ya aika wa Bonifasiyo, ma'abocin ganuwar Kanosa da ke kan dutse, cewa ya ji ana yabon wani khal da ake yi a gidansa, yana so a ɗanɗana masa. Bonifasiyo, mutum mai dukiya da son a san yana da ita, bai ga ya dace ya aika da shi a tulu ba. Ya sa maƙeran farfaru suka ƙera ganga ta azurfa, da keke da shanu biyu duk na azurfa, aka cika gangar, aka ɗora su a kan keken gaske da shanu masu rai ke ja, aka kai wa sarki. Wani rahibi mai suna Donizo ne ya rubuta wannan cikin tarihin Matilda, 'yar Bonifasiyo, bayan kimanin shekara saba'in.

A nan aka sami saɓani. Mutanen Rajjo suna cewa Kanosa a ƙasarsu take, saboda haka asali nasu ne. Na Modena suna kafa hujja da cewa lakabin da ake kiran khal ɗin da shi, balsamiko, wato mai warkarwa, a littafin rumbun sarakunansu na gidan Este ya fara bayyana, a 1747. Abin da ya rinjaya a zuciyata shi ne Rajjo ta riga a haihuwa, Modena ta raɗa suna.

Hikimar yinsa ita ce ta fi ƙayatar da ni. Ba a ajiye shi a ɗakin ƙasa mai sanyi kamar giya, sai a can saman bene, ƙarƙashin rufi, inda zafin bazara zai gasa shi, sanyin hunturu kuma ya kwantar da shi. Ana jera ganguna biyar ko fiye, daga babba zuwa ƙarama, kowace da irin katakonta, bakin kowace an rufe shi da ƙyalle kawai domin ya sha iska. Shekara-shekara, cikin sanyi, sai a ɗebi kaɗan daga ƙaramar, a cike ta daga wadda ke bi mata, ita ma a cike ta daga ta gaba, har a zo kan babbar, wadda za a zuba wa sabon dafaffen ruwan bana. Ta haka babu gangar da ke ƙarewa, kuma wanda ya lasa yau yana iya lasar ragowar aikin kakansa. A da, idan aka haifi 'ya mace, uba yakan kafa mata jerin gangunanta, ranar aure a kai mata su cikin kayan ɗaki.

A 1796 rundunar Napoleon ta ci Modena, aka yi gwanjon gangunan fada, suka watse cikin gidajen attajirai. A 2000 Tarayyar Turai ta yi masa dokar kariya: shekara 12 a ganga mafi ƙaranci, 25 ga mafifici, a 'yar kwalba mai mililita 100. Abin baƙin ciki, akasarin wanda ya cika kantuna da sunan Modena a yau na masana'antu ne, ana haɗa shi da khal na gama-gari, a yi masa launi da ƙonannen sukari, kwana 60 ya isa a kai shi kasuwa. Na gaske kam har yanzu da ɗan cokali ake auna shi, a ɗiga biyu ko uku a kan gutsuren tsohon cuku.