Tururuwa mai ƙaho da ta tsallaka iyaka

Kai makiyayi, ka sha ganin tururuwa ta maƙale a jikin ƙaro a kan farar ƙaya. To, irin wannan ce ta sami wata tururuwa shekara wajen miliyan 99 da suka wuce, a ƙasar Myanmar, wato Bama ɗin nan da kakanninmu suka je yaƙi. Ruwan itace mai danƙo ya zubo mata, ya daskare, ƙasa ta binne shi har ya yi tauri kamar dutse, amma garau, kana hango ta a ciki.

A 2016 masana suka raɗa mata suna Ceratomyrmex ellenbergeri. Irinta ya ƙare ƙaf a duniya. Tururuwar yau, muƙamuƙanta ta gefe da gefe suke haɗuwa. Ita kuwa nata kamar lauje biyu ne masu ɗagawa sama, ga kuma dogon ƙaho a goshi. An daɗe ana hasashen amfaninsu, sai a 2020 aka bayyana wata da danƙon ya ritsa da ita tana tsakar farauta: ta matse ɗan wani ƙwaro, dangin kyankyaso, tsakanin laujen da ƙahon. Nan aka ga yadda take kamu.

Yanzu ga inda zancen ya shafe ka, ɗan kasuwa. A kwarin Hukawng na jihar Kachin ake haƙo wannan dutse, a tsallaka iyaka da shi, galibi ta ɓarauniyar hanya, zuwa kasuwar Tengchong a ƙasar Sin. Masu kayan ado su saya, masana ma su saya. Sai dai Kachin fagen yaƙi ce tsakanin sojan gwamnati da 'yan tawaye. A 2017 soja suka kori jama'a daga yankin, suka ƙwace ramukan. A 2020 wata babbar ƙungiyar masana ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe ta nemi mujallu su daina buga bincike kan dutsen da aka sayo bayan Yunin 2017, don kada kuɗin neman ilimi ya koma harsashi. Wasu masanan suka ce hanin zai fi cutar talakawan da ke haƙar.

Kai ma ka san irin wannan tsaka mai wuya. Shanu su shigo kara da araha, ba wanda ya san garken da aka raba su da shi. Kafin ka taya, tambayi daga inda suka fito. Allah Ya ba mu halaliyarmu.