Saƙon da ke Sauka daga Kan Tsiro

A shekarar 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Ingila. Tsiron ciyawa kan karkata wajen haske, amma da suka sa wa kansa 'yar hular da haske ba ya ratsawa, sai ya tsaya ƙyam. Ashe kan ne ke jin haske, lanƙwasa kuwa can ƙasa take aukuwa. Lallai akwai abin da ke sauka.

Wajen 1913 Peter Boysen-Jensen na Denmak ya nuna cewa saƙon na ratsa jelatin idan aka sa shi tsakanin kai da jiki, amma siririn fallen dutse na tare shi. A 1926 Frits Went, yana ɗalibi a Utrecht ta ƙasar Holan, ya yanke kawunan tsiron hatsin ots, ya jera su kan daskararren aga, wani abu mai kama da jelatin, har ya tsotse abin da ke fita daga cikinsu. Ya ɗora guntun agan a gefe guda na tsiron da aka fille wa kai, sai ga shi ya lanƙwasa cikin duhu. Sinadarin shi ake kira oksin. Shi ne kuma ke danne rassan gefe, shi ya sa mai lambu ke datse kan zogale don ya yi rassa.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na van der Weij a 1932. Ya auna tafiyar oksin, kimanin santimita 1 a awa, daga kai zuwa gindi. Ko an kifa guntun tsiron, hanyar ba ta sauyawa, wato ba nauyi ke jan sa ba.

Bayanin sai a 1974 ya zo daga Rubery da Sheldrake, Raven ya biyo su a 1975. Bangon ƙwayar halittar shuka yana da ɗan tsami, a nan oksin ke samun sauƙin kutsawa ciki. Da ya shiga sai ya sauya kama, ya kasa fita sai ta wasu furotin da ke jere a gindin ƙwayar kaɗai. Haka yake wucewa daga ƙwaya zuwa ta ƙasanta, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu.

An daɗe ana neman waɗannan furotin kafin a kama su. A 1998 ayarin Klaus Palme a birnin Kolon na Jamus ya gano ɗaya daga cikinsu, PIN1, a wata 'yar ciyawa, Arabidopsis, ya kuma nuna shi zaune a gindin ƙwayoyin. Shukar da ta rasa shi kan fitar da kara tsirara, ba fure ba reshe.