BABI NA UKU: RAYUWAR SIYASAR SANATA JON TESTER NA JIHAR MONTANA, 1998 ZUWA 2025

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin rayuwar siyasar Jon Tester, manomin alkama wanda ya wakilci Jihar Montana a Majalisar Dattawan Amurka daga 2007 zuwa 2025. Tambayar da babin zai amsa ita ce: wace rawa sana'ar noma ta taka wajen ɗaukakarsa, kuma me ya sa ta kasa ceton kujerarsa a zaɓen 2024? Muhimmancin tambayar shi ne, Tester ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, alhali mafi yawan mutanen karkarar Amurka sun daɗe da karkata ga jam'iyyar Rifablikan.

3.1 Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Jon Tester ranar 21 ga watan Agusta na 1956 a garin Havre, ya kuma tashi a gonar gidansu da ke kusa da Big Sandy, wani ɗan ƙaramin gari mai mutane kimanin 600 a arewacin Montana. Kakansa ne ya kama wannan fili a 1912. A wancan zamani gwamnatin Amurka tana ba da fili kyauta ga duk wanda zai zauna ya noma shi, kuma dokar da aka yi a 1909 ta ƙara yawan filin daga eka 160 zuwa eka 320 a yankunan da ruwan sama bai wadata ba. Dubban iyalai suka kwararo Montana saboda wannan dama, amma farin da ya fara a 1917 ya kori da yawa daga cikinsu. Gidan su Tester na daga cikin waɗanda suka daure suka zauna.

Baya ga noma, iyayensa suna da wurin gyaran nama a cikin gonar. A nan ne injin niƙa nama ya yanke masa yatsu uku na hannun hagu yana ɗan shekara tara. Ya yi digirinsa a fannin kiɗa a garin Great Falls, ya gama a 1978, sa'annan ya koyar a makarantar garinsu na ɗan lokaci kafin shi da matarsa su karɓi ragamar gonar. A shekarun 1980 manoman Amurka sun shiga mawuyacin hali, domin kuɗin ruwan bashi ya hau, farashin hatsi ya faɗi, gonaki da dama suka faɗa hannun bankuna. Wajen ƙarshen waɗannan shekaru ne Tester ya daina amfani da takin zamani da maganin feshi a gonarsa mai faɗin eka 1,800, ya koma noman da ake sayen amfaninsa da daraja saboda ba a sa masa sinadari ba. Yana noma alkama da sha'ir da wasu nau'o'in wake.

3.2 Shigarsa Siyasa

Tester ya fara ne da ƙananan muƙamai, irin su hukumar kula da makarantun garinsu. A 1997 majalisar Montana ta sakar wa kamfanonin wutar lantarki mara wajen sayar da wuta, matakin da daga bisani ya jawo tsadar wuta da rushewar tsohon kamfanin wutar jihar. Tester ya tsaya takarar majalisar dattawan jiha a 1998 yana mai adawa da wannan mataki, ya kuwa yi nasara. A 2005 ya zama shugaban wannan majalisa. Da yake dokar jihar ta taƙaita wa'adin ɗan majalisa ga shekara takwas, sai ya mai da hankalinsa ga kujerar tarayya.

A zaɓen fid da gwani na 2006 ya kayar da John Morrison, mai binciken kuɗi na jihar. A babban zaɓe kuwa ya kara da Sanata Conrad Burns na Rifablikan, wanda ya riƙe kujerar tun 1989, amma sunansa ya ɓaci saboda alaƙarsa da Jack Abramoff, dillalin siyasar da aka ɗaure bisa laifin zamba. Tester ya gina yaƙin neman zaɓensa a kan kamanninsa na manomi, wato askinsa irin na mutanen karkara, da hannunsa mai yatsu biyu, da motar nomansa. Ya ci da ratar ƙuri'u kimanin 3,500 kacal. Wannan 'yar rata tana daga cikin abin da ya ba Dimokurat rinjayen kujeru 51 da 49 a Majalisar Dattawa.

3.3 Ayyukansa a Fannin Noma

Zamansa a Washington bai raba shi da gona ba. Yakan koma gida a ƙarshen mako, musamman lokacin shuka da girbi, abin da ya sa a lokacin aka riƙa kiransa sanata tilo da ke noma da hannunsa. Idan aka yi la'akari da ayyukansa, za a ga manufa guda ce ke ɗaure da su, wato kare ƙaramin manomi daga manyan kamfanoni.

Misali na farko shi ne dokar tsaftar abinci wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Janairu na 2011. Dokar ta ɗora wa masu samar da abinci sharuɗɗa masu cin kuɗi. Tester ya kafa hujja da cewa babban kamfani zai iya ɗaukar wannan nauyi, amma ƙaramin manomi zai durƙushe. Saboda haka ya shigar da gyaran da ya sassauta wa duk wanda cinikinsa bai kai dala 500,000 a shekara ba, muddin yana sayar da mafi yawan kayansa kai tsaye a cikin jiharsa ko a tazarar mil 275. Manyan kamfanonin kayan lambu sun soki gyaran da cewa ƙwayar cuta ba ta san girman gona ba, amma ya shiga cikin dokar.

Misali na biyu ya shafi makiyaya. A 2011 ya haɗa kai da Mike Simpson, ɗan Rifablikan daga Jihar Idaho, suka sa majalisa ta cire kyarketai daga jerin dabbobin da gwamnatin tarayya ke karewa a jihohin biyu, saboda ɓarnar da suke yi wa garke. Masu kare muhalli, waɗanda akasarinsu magoya bayan jam'iyyarsa ne, sun ji zafin wannan mataki.

Na uku shi ne batun kasuwar nama. Kamfanoni huɗu, wato Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ne ke yanka kimanin kashi 85 cikin ɗari na shanun da ake turkewa a Amurka. Lokacin annobar korona a 2020 naman ya yi tsada a kanti, amma kuɗin da makiyayi ke samu ya ragu. A 2021 Tester da Sanata Chuck Grassley da Sanata Mike Rounds, dukkansu biyu 'yan Rifablikan, suka gabatar da ƙudurin kafa ofishin binciken waɗannan kamfanoni. Har ila yau a 2022 ya kawo ƙudurin ba manomi 'yancin gyara motar nomansa da kansa, ba sai ya jira wakilin kamfani ba. Ya kamata a lura cewa babu ɗaya daga cikin ƙudurorin biyu da ya zama doka, wanda ke nuna iyakar ƙarfin sanata guda a gaban masu kuɗi.

3.4 Sauran Ayyukansa da Zaɓuɓɓukan 2012 da 2018

Babbar nasararsa ta doka ba a fannin noma ta zo ba. Montana na cikin jihohin da suka fi yawan tsofaffin sojoji idan aka kwatanta da yawan jama'arta, don haka ya rungumi kwamitin da ke kula da su, ya kuma shugabance shi daga 2021. Shi ne ya jagoranci dokar 2022 wadda ta faɗaɗa magani ga sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. Bugu da ƙari, ya taɓa shugabantar kwamitin harkokin ƙabilun asalin ƙasar, waɗanda ƙuri'unsu suka sha tallafa masa.

Tester ya sha saɓa wa jam'iyyarsa. Ya ƙi amincewa da kuɗin ceto bankuna a 2008, ya kuma goyi bayan bututun mai na Keystone XL. Amma a manyan ƙuri'u, kamar dokar inshorar lafiya ta 2010, yana tare da ita. Da wannan salo ya kayar da Denny Rehberg a 2012. A 2018 ya fito da zarge-zargen da suka sa Ronny Jackson, wanda Shugaba Trump ya zaɓa ya riƙe ma'aikatar tsofaffin sojoji, ya janye. Trump ya je Montana har sau huɗu don a kayar da shi, duk da haka ya doke Matt Rosendale, kuma a wannan karo ne kawai ya haura kashi 50 cikin ɗari.

3.5 Faɗuwarsa a 2024

Tun daga zaɓen 2020 Tester ya zama ɗan Dimokurat ɗaya tilo da ke riƙe da babban muƙamin siyasa da ɗaukacin jihar ke zaɓa. Ana iya kawo dalilai uku na faɗuwarsa. Na farko, al'adar zaɓen shugaban ƙasa daga wata jam'iyya da sanata daga wata ta yi rauni ƙwarai. Na biyu, baƙi da yawa sun ƙaura zuwa Montana, waɗanda ba su san shi ba balle tarihin gonarsa. Na uku, abokan hamayya sun yi nasarar ɗaure shi da gwamnatin Shugaba Biden, ko da yake a watan Yuli na 2024 ya nemi Biden ya janye daga takara. Tim Sheehy, tsohon sojan ruwa kuma ɗan kasuwa, ya kayar da shi da ratar kashi 7 cikin ɗari, a jihar da Trump ya ci da ratar kashi 20. Wato ke nan Tester ya fi jam'iyyarsa farin jini nesa ba kusa ba, sai dai hakan bai isa ba.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa noma ya ba Tester amincewar mutanen da ba su yarda da jam'iyyarsa ba, ya kuma tsara masa batutuwan da ya sa gaba. Amma wannan amincewa ta yi tasiri ne a lokacin da mai zaɓe ke duban ɗan takara kafin jam'iyya. Da lamarin ya juye, sai ta gaza. Wa'adinsa ya ƙare ranar 3 ga watan Janairu na 2025, bayan shekara 18 a majalisar.