Yadda Agogon Aljihu Ya Hau Tsintsiyar Hannu

Kakanninmu a Talatar Mafara da Bakura da Maradun da inuwa suke auna yini: hantsi, walaha, azahar, la'asar. Agogo bai zama abin kowa ba sai bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Jirgi ba ya jiran inuwa ta karkata.

A da, a Turai ma agogon namiji a aljihu yake zama, ɗaure da sarƙa. Na hannu adon mata ne. Yaƙi ne ya sauya wannan. A yaƙin Ingila da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, sojoji suka riƙa cusa agogon aljihu cikin kube na fata suna ɗaurawa a hannu, don mai riƙe da bindiga da linzami ba shi da hannun laluben aljihu. A Yaƙin Duniya na Farko kuwa, sai aka shiga liƙa wa gidan agogon kunnuwa na waya ana zura maɗauri. Zuwa wajajen 1930, na hannu ya shiga gaban na aljihu a kasuwa.

Saboda haka masu mayar da tsofaffin agogon aljihu na hannu a yau, tsohuwar hanya suka koma. Abin da ya ba su dama shi ne, an narkar da gidajen agogo masu yawa don zinariyarsu, aka bar injinan tsirara. Kamfanin Vortic na Kolorado a Amurka yana tattara injinan agogon kamfanonin Elgin da Waltham da Hamilton yana ƙera musu sabon gida. Hamilton ya kai shi ƙara, kotu ta ba Vortic gaskiya a 2020.

Ana gane irin wannan agogo da gani: faffaɗa ne, ya cika hannu, maɓallin ba shi wani kuma sau da yawa a saman sha biyu yake, ba a gefen uku ba. Ka kara shi a kunne, za ka ji bugunsa a natse. Sai dai ba ya son faɗuwa, ba ya son ruwa, kullum sai an ba shi wani.

Mu nan, tsarabar alhazai ta Seiko da Rado, sannan agogo mai batir, sannan wayar hannu, su suka tura na aljihu ƙasan adaka. A ganina, injin da ya rasa gida ya cancanci sabo, amma ɓarna ce a farke agogon da yake cikakke. In ka gaji na kakanka, kada ka sayar wa mai awon zinariya. Kai shi wurin ƙwararren mai gyaran agogo ya wanke shi, ya sa masa mai, ka kuma adana gidansa na asali.