Kiɗan Da Aka Zana Da Hannu

Duk wanda ya taɓa riƙe guntun fim na majigi ya ɗaga shi sama ya duba a rana, zai ga hotuna jere, ɗaya bisa ɗaya. Amma in ya lura da kyau, a gefen hotunan akwai wani siririn layi, faɗinsa bai wuce milimita 3 ba, mai tudu da kwari kamar haƙoran zarto. A cikin layin nan murya take. Sa'ad da fim yake tafiya cikin inji, wata 'yar fitila tana haska layin, hasken ya ratsa ya faɗa kan wani ido na lantarki. Inda layin ya yi baƙi haske ya ragu, inda ya yi fari haske ya ƙaru. Idon yana mai da wannan raguwa da ƙaruwa ya zama lantarki mai rawa, lasifika kuwa ta mai da shi sauti. Hoto 24 ne suke wucewa cikin daƙiƙa guda. Idan haƙora 440 suka gitta gaban fitilar cikin wannan daƙiƙa, wato kamar 18 a gefen kowane hoto, kunne zai ji sautin nan da makaɗan Turai suke daidaita kayan kiɗansu da shi. In haƙoran suka matsu, sauti ya yi sama. In suka buɗe, ya yi ƙasa. Tsawon haƙori shi ne ƙarfin sauti, siffarsa kuma ita ce take bambanta muryar algaita da ta goge.

An ƙirƙiro wannan dabara domin a kama muryar mutum da kiɗan makaɗi a ajiye. Ba a daɗe ba sai waɗansu suka yi tambayar da ta juya al'amarin: tun da sauti ya zama zane, me zai hana a zana shi tun farko, ba makaɗi, ba mawaƙi, ba abin busa?

A watan Oktoba na 1929, a birnin Leningirad na Tarayyar Sobiyat, ana shirya ɗaya daga cikin finafinai masu magana na farko a ƙasar, wani fim na Abram Room a kan shirin gina ƙasa na shekara biyar. Mutum uku suna cikin masu aikin: Arseny Avraamov mai tsara kiɗa, da Evgeny Sholpo injiniya, da Mikhail Tsekhanovsky mai zane. Da aka wanke nadin farko suka duba layin muryar, kyan siffofinsa ya ba mai zanen sha'awa. Sai ya yi tambaya, in aka ɗauki hoton adon da Masarawa ko Helenawa na dā suke yi a bango da tukwane aka sa a wannan wuri, ko za a ji wani kiɗa na zamanin dā wanda ba wanda ya sani? Maganar mai zane ce, gama adon tukunya ba kiɗa ba ne da aka ɓoye. Amma sauran biyun ba su yi dariya ba. Kowannensu ya tafi gida da ita, kowanne kuma ya bi tasa hanya.

Avraamov mutum ne mai zafin kai. Shi ne ya shirya wani irin kiɗa a birnin Baku a 1922, ranar bikin cika shekara biyar da juyin mulki, inda kayan kiɗan su ne jiniyar masana'antu, da ƙahon jiragen ruwa, da usur na jirgin ƙasa, da igwa, shi kuwa yana tsaye a kan hasumiya yana ba da umarni da tuta. Ya ƙi jinin fiyano, har ana ba da labari ya taɓa ba hukuma shawara a tattara su duka a ƙone. Dalilinsa ba wauta ba ce. Fiyano ta raba tsanin sauti gida 12, abin da ya faɗa tsakanin maɓalli biyu ba ta iya fitar da shi. Mai goge ya san wannan tsakani, mai kalangu ma da shi yake magana sa'ad da yake matsa tsarkiya yana saki. Waƙoƙin manoman Rasha da na mutanen duwatsun Kokesas cike suke da irin waɗannan sautuka, Avraamov kuwa yana so a raba tsanin gida 48. Zane ya ba shi abin da fiyano ta hana shi, domin mai zane yana iya matsa haƙora daidai yadda ya so.

A 1930 ya kafa ɗakin gwaji a Mosko mai suna Multzvuk. Ma'aikatansa suna zana siffofi a manyan takardu, alwatika, da murabba'i, da da'ira, har da gefen fuskar mutum, sa'an nan su ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya a kan teburin da ake yin finafinan zane masu motsi, a ƙanƙance su zuwa faɗin layin murya. Aiki ne mai cin rai. Kiɗan minti ɗaya yana bukatar hoto 1,440, kuma ba mai jin abin da ya yi sai an wanke fim an sa a majigi. In an yi kuskure, sai a koma farko.

Sholpo ya ga wahalar ta yi yawa, sai ya nemi inji. Tun 1917 ya rubuta wata ƙasida wadda sunanta yake nufin Maƙiyin Kiɗa, inda ya yi mafarkin na'urar da za ta ɗauki tunanin mai tsara waƙa ta kai shi kunnen mai ji ba tare da ya bi ta hannun makaɗi ba. Ya nemi rajistar dabararsa a 1930, ya kuma gina injin tare da Georgy Rimsky-Korsakov, jikan shahararren mai tsara kiɗan nan. Sunan injin Variophone. Na farkon kusan duk katako ne da waya. Zuciyarsa wani faifai ne na kwali da aka yanka wa haƙora a baki. Faifan yana juyawa gaban haske, fim yana tafiya a baya yana ɗaukar inuwar haƙoran. In aka ƙara saurin juyi, sauti ya hau. In aka sāke faifai da wani mai yanka dabam, murya ta sāke. Ana iya maimaita ɗauka a kan fim ɗaya har muryoyi da yawa su haɗu. Da wannan suka yi kiɗan finafinai na zane da na koyarwa, har da wani a kan yadda kafireta take aiki a mota, suka kuma sāke yin waƙoƙin Wagner da Liszt da Chopin. Wanda ya ji su yau zai ce kiɗan wasannin kwamfuta ne na shekarun 1980, alhali sun riga su da shekara hamsin.

Na ukunsu, Nikolai Voinov, ya fito ne daga ƙungiyar Avraamov. Shi da almakashi ya yi aiki. Yana yanka takarda kamar mashaci, kowane sauti da nasa, ya jera su a wani abin da ya ƙera ya kira Nivotone, ya ɗauki hoto. Haka ya yi wani kiɗan fiyano na Rachmaninoff a 1932, da kiɗan fim ɗin zane mai suna Ɓarawo a 1934.

A daidai wannan lokaci, ba tare da sun haɗa baki da Rashawa ba, mutum biyu a Jamus suna kan irin wannan hanya. Rudolf Pfenninger na birnin Munik mai zanen finafinai ne da ya san aikin rediyo. An ce abin da ya tura shi shi ne rashin kuɗin ɗauko makaɗa. Ya zauna gaban na'urar da take nuna siffar sauti a gilashi, ya yi ta nazari har ya gane zanen kowane sauti, sa'an nan ya zana su a dogayen takardu ya tara kamar ɗakin littattafai, in yana son waƙa sai ya ɗebo waɗanda yake bukata. A ƙarshen 1932 aka nuna finafinansa da suna mai nufin Rubutun Hannu Mai Sauti. Oskar Fischinger na Barlin kuwa ta ɗaya gefen ya ɓullo. Bai fara da sauti ya nemi zanensa ba. Ya fara da ado ne, ya sa a majigi domin ya ji abin da zai ce. Jaridu sun fi son Fischinger, gama hotonsa riƙe da doguwar takarda mai ado yana da kyan bugawa. Amma Pfenninger ne ya fi kusa da gaskiyar al'amarin. Siffa mai kyau ga ido sau da yawa ƙara ce kawai ga kunne, siffofi biyu da ba su yi kama ba kuma suna iya fitar da sauti kusan iri ɗaya. Ido da kunne ba su da ma'auni guda.

A Landan ma, a 1931, wani injiniya mai suna Humphries ya zana 'yan kalmomin Turanci da tawada, majigi ya faɗe su da muryar da ba ta fito daga bakin kowa ba. Jaridu suka yi ta mamaki, waɗansu da tsoro. Tsoron yana da tushe. Shekaru kaɗan kafin nan, zuwan fim mai magana ya raba dubban makaɗa da abincinsu, waɗanda a dā suke zama gaban allon silima suna kaɗa wa hotunan da ba su da murya. Yanzu ga shi ana cewa ko a ɗakin ɗauka ma ba a bukatarsu.

Abin da ya faru shi ne masu zanen ne suka fara rasa wurin zama. A Jamus mulkin Nazi ya ƙi irin zanen da ba ya kwaikwayon halitta, Fischinger ya bar ƙasar zuwa Amurka a 1936. A Tarayyar Sobiyat, a watan Janairu na shekarar nan, jaridar Pravda ta caccaki wani wasan waƙa na Shostakovich, daga nan duk wani gwaji a kiɗa ya zama abin zargi. An rufe ɗakin aikin Voinov a 1936. Na Avraamov ya riga ya watse, shi kansa ya tafi Kokesas tattara waƙoƙin gargajiya. Finafinan da ƙungiyarsa ta yi, tsawon kusan mita dubu biyu, suna ajiye a gidansa a Mosko. Fim na wancan zamani yana kama wuta kamar fetur. 'Ya'yansa maza, yara ne a lokacin, suka gane haka, suka yi ta yanka shi suna yin rokoki da hayaƙin wasa har ya ƙare. Ba hukuma ce ta ƙone wannan ba, ba kuma abokin gāba ba. Avraamov ya rasu a 1944 cikin talauci.

Sholpo ya fi su daɗewa. Sa'ad da sojojin Jamus suka kewaye Leningirad a 1941, yana cikin birnin, ya kuma yi wa wani fim na zane a kan yaƙin kiɗa da injinsa, tare da mai tsara kiɗa Igor Boldyrev. A 1943 harsashin igwa ya faɗa ya farfasa injin. Bayan yaƙi aka ba shi ɗakin aiki ya fara gina sabo, amma bai gama ba. Aka rufe ɗakin a 1950, ya rasu a 1951.

Wanda ya ɗauki aikin ya kai shi idon duniya ɗan Sukotlan ne, Norman McLaren. Shi bai fara da kyamara ba ma. A 1940, yana zaune a Niyu Yok ba shi da kuɗi, ya ɗauki fim fari da alƙalami da tawada ya zana hoto da sauti duka a jikin fim ɗin kai tsaye. Ɗigo manya suna ba da sauti mai ƙarfi, ƙanana mai laushi. A 1941 ya koma Hukumar Finafinai ta Kanada, inda shi da abokiyar aikinsa Evelyn Lambart suka shirya akwatin katuna, kati ɗaya ga kowane sauti, kusan irin dabarar Pfenninger, amma suka ƙara waɗansu marufai na kwali masu sa sauti ya tashi da ƙarfi ya mutu a hankali, ko ya taso a hankali ya yanke. Da katunan nan ya yi kiɗan fim ɗinsa na 1952, Maƙwabta. Labarin mutum biyu ne masu zaman lafiya, fure ya tsiro a kan iyakar gidajensu, suka yi ta faɗa a kansa har suka hallaka iyalinsu da kansu. McLaren ya yi shi ne bayan ya zauna a ƙasar Sin ya dawo ya tarar da yaƙin Koriya. Ba kalma ko ɗaya a bakin mutanen. Ƙarar nan da ba ta fito daga itace ko fata ko tagulla ba ita ce take yi musu gardama, kuma ta dace da su fiye da yadda kowane goge zai dace. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 1953. A 1971 McLaren ya yi wani mai suna Synchromy, inda ya ɗauko zanen layin murya ya baza shi a kan allo da launi, mai kallo yana ganin ainihin abin da yake ji. Tambayar Tsekhanovsky ke nan aka juya ta baya.

A Rasha irin bai mutu sarai ba. Wani injiniya, Evgeny Murzin, ya yi shekara ashirin yana gina na'ura mai suna ANS, ya gama a 1958. Ana shafa wa gilashi baƙin danƙo, mai tsara kiɗa ya kankare layuka a jiki, haske ya ratsa ya zama sauti nan take, ba sai an jira wankin fim ba. Da ita Eduard Artemyev ya yi kiɗan fim ɗin Solaris na Tarkovsky a 1972. Sauran takardu da finafinan Sholpo kuwa sun kwanta a akwatuna shekaru masu yawa, sai da wani mai bincike a Mosko, Andrey Smirnov, ya tono su ya buga labarinsu a littafi a 2013.

Cikin waɗanda suka je Kanada suka koyi aikin zane mai motsi a wurin McLaren akwai wani saurayi daga Nijar, Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya fara aikin fim a Yamai tare da Jean Rouch. A 1966 ya fitar da ɗan gajeren fim ɗin zane a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki a wata ƙasa, ana ta yi masa fareti da jawabai. Daga baya ya zauna a Tawa, ya ci gaba da zane da ƙera 'yan tsana masu motsi har kusan rasuwarsa a 2015.