Bambancin Ƙwayoyin Gado a Raƙumin Dawan Afirka ta Yamma: Ƙarancin 1996, Garken Gadabeji da Batun Dajin Falgore

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tarihin asalin raƙumin dawan Afirka ta Yamma, Giraffa camelopardalis peralta, da yawan bambancin da ya rage a ƙwayoyin gadonsa, sannan ta nuna ta hanyar lissafi cewa haɗarin da ke gaba ya fi yawa a ƙananan garkunan da ake kafawa a sabbin wurare fiye da yadda yake a garken Kure da suka fito daga cikinsa.

Gabatarwa

Dajin Falgore, wanda tafkin Tiga ya yi masa iyaka ta arewa daura da ƙasar Rurum Tsohon Gari a ƙaramar hukumar Rano, yana cikin shimfiɗar dajin da raƙumin dawa ya taɓa yawo a cikinta tun daga Senegal har zuwa tafkin Chadi. Samfurin da Oldfield Thomas ya dogara da shi wajen raɗa wa reshen Afirka ta Yamma suna peralta a 1898 ma daga yankin Lokoja aka samo shi. A yau babu tabbataccen garke na asali a dazukan Nijeriya, kuma abin da ya rage na reshen duka yana Jamhuriyar Nijar, galibi a yankin Kure mai nisan kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda ƙidayar 1996 ta sami dabbobi 49 kacal, kafin adadin ya haura 600 a 2017.

Bitar ayyukan da suka gabata

Saɓani na farko yana tare da masu ganin cewa raƙumin dawa duk ɗaya ne ko daga ina aka ɗauko shi. Hassanin da abokan aikinsa sun rushe wannan ra'ayi a 2007 ta nazarin sinadarin DNA na mitokondiriya, wato ɓangaren gadon da ɗa ke karɓa daga uwa kaɗai, inda suka gano cewa dabbobin da gidajen namun dajin Turai suka daɗe suna kira peralta 'yan reshen Kordofan ne na Chadi da Kamaru, kuma garken Nijar ya fi kusanci da danginsa na gabashin Afirka fiye da waɗannan maƙwabta nasa. Bayanin da suka bayar shi ne kakannin reshen sun bi ta arewacin Afirka lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa, suka gangaro yamma da ta bushe, kuma zanen raƙuman dawa da ke jikin duwatsun Dabus a yankin Agadas yana tabbatar da cewa dabbar ta zauna a can. Fennessy da abokansa sun raba raƙumin dawa jinsi huɗu a 2016, sannan Coimbra da abokansa suka ƙarfafa rabon a 2021 da cikakken kundin gado.

Akwai dalilin yin taka-tsantsan da hujjar mitokondiriya, kuma dabbar tafir ta Kudancin Amurka, 'yar'uwar doki da karkanda mai guntun hanci kamar na giwa, ita ce misali mafi kusa. A 2013 an sanar da sabon jinsi mai suna Tapirus kabomani a Brazil bisa siffar ƙoƙon kai da gadon uwa, amma Voss da abokansa suka musanta shi a shekarar da ta biyo, kuma yawancin masana sun tsaya kan jinsi huɗu na tafir da aka sani. Abin da ya bambanta batun peralta shi ne gadon uwa da cikakken kundin gado sun yi shaida iri ɗaya. Saboda haka raƙuman dawa 10 da aka kawo dajin Sumu na jihar Bauchi daga Namibiya a 2006, duk da kyawunsu ga masu yawon buɗe ido, jinsin kudancin Afirka ne, kuma ba su maye gurbin abin da arewacin Nijeriya ya rasa ba.

Saɓani na biyu yana tare da masu ɗaukar hauhawar adadi a matsayin waraka, musamman bayan da ƙungiyar IUCN ta sassauta matsayin reshen a 2018 daga jerin masu fuskantar ƙarewa zuwa na masu rauni.

Hanyar bincike

Ba a ɗebi sabon jini ko fata ba. An ɗauki alƙaluman ƙidaya da aka wallafa aka sa su cikin ƙa'idar Sewall Wright, wadda ta ce garke mai masu haihuwa N yana asarar kashi ɗaya cikin 2N na bambancin gadonsa a kowace zuriya, tare da lissafin yiwuwar ɓacewar sigar gado mai ƙaranci.

Sakamako da tattaunawa

Bambancin gado a nan yana nufin yawan gurabun da kwafin da dabba ta gada daga uwa ya saɓa da wanda ta gada daga uba. Idan aka ɗauka dukan dabbobi 49 na 1996 sun haihu daidai wa daida, asarar kimanin kashi 1 cikin ɗari ce kawai a zuriya guda, kuma tun da garken ya fara ƙaruwa nan da nan, bai daɗe a cikin matsin ba. Wannan ya yi daidai da abin da Coimbra da abokansa suka samu a 2022, cewa bambancin gadon reshen matsakaici ne idan aka kwatanta da sauran raƙuman dawa, ko da yake alamun barbarar dangi ta kwanan nan sun fi yawa a cikinsa, kuma adadin masu haihuwarsa ya daɗe yana raguwa a hankali tsawon shekaru 10,000. Abin da ƙarancin ya fi cinyewa shi ne sigogin da ba su da yawa tun asali, domin sigar da ke kashi 1 cikin ɗari na garken farko tana da yiwuwar kashi 37 cikin ɗari ta rasa mai ɗauke da ita a cikin kwafi 98 da suka tsira, kuma haihuwar da ta biyo baya, kome yawanta, kwafin abin da ya rage kawai take ninkawa.

Hoton yana sauyawa gaba ɗaya idan aka juya ga Gadabeji, gandun dajin da ke yankin Dakoro a jihar Maraɗi, inda gwamnatin Nijar da Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund suka kai dabbobi 8 a watan Nuwamban 2018 bayan tafiyar fiye da kilomita 800, aka kuma ƙara 4 a 2022. Garke mai tushe 8 yana asarar kashi 6.25 cikin ɗari a zuriya guda, kuma da zai tsaya a wannan adadi zuriya biyar, asarar za ta kai kusan kashi 28, alhali garke mai 49 zai rasa kashi 5 ne kawai a daidai wannan tsawo. Sigar da ke kashi 5 cikin ɗari a Kure, wadda yiwuwar ɓacewarta a ƙarancin 1996 ba ta kai kashi 1 ba, tana da yiwuwar kashi 44 ta zama ba ta hau motar Gadabeji ba, kuma ko da tushen ya kai 12 yiwuwar tana nan a kashi 29.

Wannan ma lissafi ne mai rangwame, domin raƙuman dawa ba sa raba haihuwa daidai. Mazan suna gwabzawa da wuya, kuma wanda ya yi rinjaye shi ke samun yawancin matan. Ƙa'idar ta nuna cewa namiji ɗaya da mata biyar daidai suke da masu haihuwa 3.3 kawai, abin da ke kai asarar zuwa kashi 15 a zuriya guda, kuma da yake ciki yana ɗaukar kimanin wata 15 kuma yawanci ɗa ɗaya ake haifa, garken ba ya iya tsere wa wannan asara da saurin ƙaruwa. Makiyayin da ke shayar da shanunsa a bakin Tiga ya san wannan ba tare da ƙa'idar Wright ba, shi ya sa yake sauya bijimi kafin ya fara hawa 'ya'yansa. Ma'anar wannan ga Falgore a fili take: duk ranar da aka yi niyyar maido da raƙumin dawa can, tushen ya zama peralta, kuma kasafin kuɗin ya ƙunshi kawo sabbin maza lokaci bayan lokaci, abin da yakan faɗi daga lissafi da zarar an gama bikin sakin dabbobi.

Iyakokin bincike

Dole a amince cewa ƙa'idar Wright tana ɗaukar zuriyoyi a matsayin waɗanda ba sa cuɗanya, alhali uwa da 'yarta kan haihu a shekara ɗaya, kuma alƙaluman da ke sama ba ma'aunin jinin dabbobin Gadabeji ba ne. Binciken 2022 kansa ya dogara ne da cikakkun kundayen gado 26 da aka tattaro daga rassa uku, kuma aikin fili a Kure ya yi wuya tun harin watan Agustan 2020 da ya hallaka mutum takwas. Gyara waɗannan zai iya motsa alƙaluman sama ko ƙasa, amma ba zai rufe tazarar da ke tsakanin 49 da 8 ba.